Shanya a Dutsen Mama Ladi

Kwanan baya ina zaune a ƙofar gida a nan Lugbe ina shan iska, jiragen sama suna ta wucewa ta kanmu kamar yadda suka saba, sai ga Malam Sani mai albasa ya turo baronsa. Bakatsine ne, manomi a garinsu, sai rani ya yi yake zuwa nan neman na cefane. Muna cikin ciniki wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya sake dubawa, fuskarsa ta cika da fara'a.

"Hajiya, alat ne," in ji shi. "Cikon kuɗin masara ne daga gwamnati. Farashi ya faɗi da kaka, shi ne suka ce za su cika mana."

Na ce, "Ma sha Allah. To wa ya duba masarar?"

Ya yi dariya. "Ai ba a dubawa, Hajiya. Suna aka rubuta da lambar waya, shi ke nan."

Ya ƙara mini albasa a kan wadda na saya, ya tura baronsa ya yi gaba yana kiran masu saye. Ni kuwa na daɗe a zaune, albasar na kan cinyata. Na yi masa murna har zuciyata, domin na san abin da faɗuwar farashi ke yi wa gidan manomi. Sai dai maganarsa ta ɗauke ni ta kai ni wani wuri da na daɗe ban je ba, lokacin da in gwamnati za ta taimaki manomi, sai ta zo da motarta da sikelinta da mutum mai haƙora, ya tauna hatsinka a gabanka kafin ya ce ya karɓa.

Ina yarinya ɗanya aka kawo ni aure Paikon Kore daga ƙasar Zariya. Mahaifiyata ta rasu tun ban yi wayo ba, gwaggona ce ta riƙe ni, ita ma ƙarfinta ya ƙare, ko rakiya ba ta iya yi mini ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya riga ni zuwa da 'yan shekaru. Ya biyo ƙanin mahaifinsa ne, wanda muke kira Baffa, mai ɗan teburin gishiri da kananzir a bakin hanya. Masu garin Gbagyi ne, su suka ba Baffa wurin zama, su suka ara wa maigidana gona. Garin a lokacin bai wuce ka tsaya a wannan gefe ka kira mutum a wancan gefe ya amsa ba. Kafin rana ta fito turame sun fara, na wannan gida ya buga na wancan ya amsa, har kana iya gane matar da ke daka daga jin saukar taɓaryarta. Sai kukan zabi, sai hayaƙin itace, sai layin mata zuwa rafi. Mu muna ɗora tulu a ka, su matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ko itace ko doya ko ruwa, suna tafe a karkace suna hira kamar ba su ɗauki komai ba. Na taɓa gwadawa, kwana da kwanaki wuyana bai juya ba. Yanzu nan inda nake, da ƙarar janareta nake tashi, ruwa kuma sai an kira mai tanka a waya. Maƙwabciyata ta jikin katanga, mun shekara muna gaisawa, ban san sunan garinsu ba.

Gidan da ke bayan namu na Mama Ladi ne. Mijinta ne ya ara mana gonar, amma kowa ya san ita ke juya gidan. Gajeriya ce, kakkaura, da ɗan lofenta a baki, muryarta kuwa ana jinta har kasuwa. Ranar Lahadi takan sa farin ɗankwali ta tafi coci, sauran ranaku tana gona ko kan dutse. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ni "kai Amarya" take ce mini, maigidana kuma "ke Ɗan Zariya". Da farko nakan rufe baki in yi dariya, daga baya har na daina ji. Ita ta nuna mini ganyen da ake miya da shi a ƙasar nan da wanda ba a taɓawa, ita ta koya mini dakan sakwara, tana tsaye a kaina tana faɗa. "Kai Amarya, wannan ba fura ba ne! Buga shi da ƙarfi!" A bayan gidansu akwai wani falalen dutse, shimfiɗaɗɗe kamar an goge shi, gadon gidan mijinta ne. A nan take shanya rogon alabo, wanda ta jiƙa ta ɓare, ya bushe ya yi fari tas, ta kai kasuwa. Da shi take sayen gishiri da sutura, da shi take biya wa 'ya'yanta makaranta.

Maigidana mutum ne mai son sabon abu. In ya ji labarin wata dabara, ba ya barci sai ya gwada. Shekarar da nake magana, malamin gona ya zo a kan babur da sabon irin masara da takin zamani, ya tara mutane a gindin mangwaro ya yi musu bayani. Da yawa suka karɓa, amma kowa ya raba gonarsa, nan dawa, nan doya, nan masara. Shi kuwa maigidana ya zuba masara tun daga wannan iyaka har waccan. Baffa ya kira shi ya ce, "Yaro, ka bar wa cikinka ko da kunya kaɗan na dawa. Malamin gona albashi yake ci, kai ƙasa kake ci." Ya ce to, Baffa, amma bai bari ba. Damina kuwa ta yi albarka irin wadda ban sake gani ba. Masara ta yi tsayi ta wuce kan mutum, goyo bibbiyu, in iska ta kaɗa sai ka ji gonar tana shuuu kamar ruwa na zuwa. Da yamma yakan dawo da ɗanya in gasa mana, yana ci yana lissafa abin da zai yi: kwanon rufi, keke, gado mai rumfa. Ni ina ɗauke da cikin fari a lokacin, sai dai in yi murmushi.

Abin da bai sani ba, albarkar ba a gonarsa kaɗai ta sauka ba. Daga nan har Abaji kowa ya samu. Da aka fara kai masara kasuwar Gwagwalada, sai ta zama kamar yashi. 'Yan baranda suna zaune a kan benci suna sakace, in ka kawo buhu su ɗaga kai da ƙyar, su faɗi farashin da ko kuɗin takin bai kai ba. In ka ƙi, su nuna maka layin masu jira a bayanka. Maigidana ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, daga nan ya daina maganar kwano da keke. Ya daina magana ma gaba ɗaya. A shekarun ne ake gina sabon birnin, tifofi suna wucewa ta babbar hanya cike da samari masu zuwa leburanci. Wasu sukan dawo da rediyo da takalmi, wasu sai dai a aiko da gaisuwa, wasu ko gaisuwar babu. Wata safiya ina shara na ga ya ɗaure tufafinsa a cikin wani tsohon zane ya tura ƙarƙashin gado.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Bai dube ni ba. "In masarar nan ta ƙi, birni zan tafi. An ce ana neman masu ɗaukar bulo."

"Ni kuma fa?"

"Ga Baffa nan. Zan riƙa aike."

Na ci gaba da shara. Ban san wanda zan gaya wa cewa ba aike nake tsoron rasawa ba. Ina tsoron ranar haihuwa ne, a garin da ba ni da uwa ba ni da gwaggo, shi ma ba ya nan.

Ana cikin haka rediyon Baffa, wanda yake ratayewa a jikin teburinsa, ya kawo labari. Gwamnati ta ce za ta sayi hatsi daga hannun manoma a kan tsayayyen farashi, don kada su yi asara. An buɗe rumfar awo a Gwagwalada, duk mai masara ya kai. Ba a taɓa jin shewa a garin nan irin ta ranar ba. Maigidana ya shigo gida da gudu kamar yaro. Baffa dai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Amma ku bar ta ta sha rana tukuna, gwamnati ba ta sayen ruwa." Ina, wa zai tsaya? An ce da zarar sito ya cika za su rufe. Muka zauna ɓarar masara har tafin hannuna ya yi kanta, totuwa ta taru kamar tsauni a tsakar gida. Ya ɗura a buhunan algarara ya ɗinke, suka haɗa kuɗi da wasu suka ɗauki a-kori-kura, ya tafi yana ɗaga mini hannu daga saman kaya.

Da la'asar na ji motar ta tsaya. Na leƙa, sai na ga ana sauke buhuna. Namu ne, cike kamar yadda suka tafi. Ya shigo ya zauna a kan turmi, na kawo masa ruwa ya riƙe bai sha ba.

"Akawun rumfar awo ya soka ƙarfe a buhu," in ji shi, "ya zaro 'yan ƙwayoyi ya jefa a baki. Ya tauna, ya ce da danshi. Na ce oga, a taimaka. Ya ce in ya karɓa za ta ruɓe ta ruɓar da ta wasu. Wai in shanya in dawo zuwa ranar kasuwa, ranar za su rufe."

Bai zagi akawun ba, domin ya san gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce wurin shanya. Damina ba ta gama tafiya ba, ƙasa a jiƙe take, tsakar gidanmu ga inuwar mangwaro, ko buhu ɗaya ba za ta ɗauka ba. Wuri ɗaya ne a garin zai busar da masara mai yawa haka cikin 'yan kwanaki, shi ne dutsen Mama Ladi. Dutsen kuwa a rufe yake da rogonta tun daga wannan baki har wancan, bai ko yi rabin bushewa ba. Maigidana ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya roƙi wannan ba, mutanen da suka ara masa gona. Ya tashi ya shiga ɗaki. Na ji ya jawo ƙullin nan daga ƙarƙashin gado.

Washegari da hantsi na ɗauki ƙwarya kamar mai zuwa aron wani abu, na zagaya bayan gida. Na sami Mama Ladi a tsugune tana juya rogo. Na gaishe ta, ta amsa, na tsaya. Na shirya magana tun daga gida, amma da na ga farin rogon nan da wahalar da ta sha a kansa, sai na kasa roƙonta. Hawaye kawai na ji suna zuba.

Ta cire lofe daga baki. "Kai Amarya, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Mama."

"Ɗan Zariya ta buge ka?"

"A'a, Mama. Masara ce. Sun ce da danshi. Ya ce zai tafi birni."

Ta dube ni, ta dubi cikina, ta dubi dutsen. Ba ta daɗe ba. Ta miƙe ta kwaɗa kira da yarensu, sai ga 'ya'yanta mata da matan 'ya'yanta suna fitowa da kwanduna. Na ce, "Mama, rogonki bai bushe ba." Ta ce, "Na tambaye ka? Je ka kira mijinka." Kafin in dawo da shi sun kwashe rabi, suna zubawa a wani ɗaki. Maigidana ya tsaya yana ta "Mama, Mama." Ta ce, "Ke Ɗan Zariya, baki ba ya ɗaukar buhu. Kawo kaya."

Kwanakin da suka biyo baya, su nake gani in na rufe ido. Masara shimfiɗe a kan dutse, ruwan ɗorawa, tana ƙyalli. Mukan tuɓe takalma mu bi ta cikinta muna ja da ƙafa, layi-layi, don ta juyu. Dutsen ya yi zafi, mu yi ta ɗage ƙafa muna tsalle, matan suna waƙarsu, ni ban san ma'anarta ba amma na iya amshi. Awaki su zo ta nan, kaji su zo ta can, Baffa da kansa ya rufe tebur ya zo ya zauna da doguwar sanda yana kora. Mama Ladi ba ta bari in daɗe a rana, sai ta ce in koma gindin kaɗanya in riƙa sheƙe wadda ta bushe da faifai. Ana gobe kasuwa, rana ta take sosai har muka fara murna, sai iska ta juya. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Ban san wanda ya fara ihu ba. Abin da na sani, garin gaba ɗaya ya zubo kan dutsen nan, Hausawa da Gbagyi, masu sallah da masu coci, wannan da tsintsiya, wannan da masaki, wannan da zanen goyonta. Ana tarawa ana ɗurawa, mata suna saɓa buhu a kafaɗa suna gudu da shi zuwa zauren Mama Ladi. Maigidana ya tuɓe rigarsa ya rufa a kan buhun ƙarshe ya rungume shi. Yana sa ƙafa a zaure ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Muka cunkushe a ciki muna haki, kowa jiƙe da gumi, sai wata ta fashe da dariya, duk muka kama.

Da ruwan ya tsagaita, Mama Ladi ta zura hannu a buhu ta ɗebo, ta jefa ƙwaya ɗaya a baki. Muka kasa kunne. Sai muka ji ƙas! Ta tofar ta ce wa maigidana, "Je ka gaya wa akawu ya yi hankali da haƙorinsa."

Ya tafi da sassafe. Yinin ranar ban iya cin komai ba, duk motar da ta wuce sai na leƙa. Can da yamma na hango shi tafe a ƙasa, buhuna a naɗe a hammata, babu komai a cikinsu. Tun daga nesa na gane, domin tafiyarsa ta dā ta dawo. Ya ajiye mini ƙunshin tsire da sandar sabulu da turmin atamfa. Ya ce akawun ya tauna, ya gyaɗa kai, aka ɗora a sikeli, aka biya shi nan take. Sannan ya shiga ɗaki ya kwance ƙullin nan, ya mayar da rigunansa kan igiya ɗaya bayan ɗaya. 

Bai je birni ba, har Allah ya karɓi ransa yana manomi. Gwamnati kuwa wata shekara ta zo, wata shekara a yi ta jira shiru, don haka bai sake shuka abu ɗaya a gona ba, Baffa ya samu abin tsokanarsa har ya tsufa. Yau in an ce an tallafa wa manomi, ba motar da za a gani, ba layi, ba wanda zai san ka samu ko ba ka samu ba. Ya fi sauƙi, ban musa ba, kuma ba na fata 'ya'yan yanzu su sha irin wahalarmu. Dutsen ma an ce masu fasa duwatsu sun cinye shi, an yi tsakuwa an kai birni. Wataƙila yana cikin ginin wani ofis, ana tafiya a kansa da takalma masu tsini.

Sai bayan kwana biyu da sayar da masarar muka san abin da ya sami rogon. Wata daga cikin 'ya'yan Mama Ladi ce ta faɗa mini a rafi. Da yake an tara shi da danshi a ɗaki, ya yi fumfuna ya yi baƙi, ko awaki sun ƙi ci, sai zubarwa aka yi. Mama Ladi ta hana a gaya mana. Da maigidana ya ji, ya sa riga ya ce in biyo shi. Muka same ta a ƙofar gida tana gyaran lofe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya fito da kuɗi a ƙunshe ya ajiye a gabanta.

"Mama, na rogonki ne. Don Allah ki karɓa."

Ta dubi ƙunshin kamar an ajiye mata kunama. "Ke Ɗan Zariya, ni gwamnati ne? Ni na ce ina sayar da dutse? Ɗauke abinka kafin raina ya ɓaci."

"Mama, ba zan iya barci ba in ban yi wani abu ba."

Ta zuƙi lofe. Can ta nuna ni da bakin lofen. "Wannan yarinya ba shi da uwa a nan. In ya haihu, wa zai dafa masa ruwa? Wa zai wanke jariri?"

Tambayar da ke hana ni barci ke nan.

"To ni ne," in ji ta. "Kada ka kira kowa. Shi ne kuɗin rogona."

Haka kuwa aka yi. Da na sauka, ita ta fara ɗaukar yaron. Ta je ta tambayi matan Hausawa yadda ake wankan jego irin namu, da ganyen da ake sawa, da kunun kanwa, ta riƙe duka. Kullum da safe kafin ta tafi gona sai in ji muryarta a tsakar gida tana faɗa da itace ɗanye. Ranar suna, bayan an watse, ta zaunar da yaron a cinyarta tana shafa masa man kaɗe, yana ta tsala kuka. Gwaggona ba ta samu zuwa ba, sai saƙo. Ina kallonsu daga bakin gado, ban san lokacin da na fara hawaye ba.

Ta ɗago ta harare ni. "Kai Amarya, kullum kuka! Na ɗanka bai ishe ni ba? Share fuska, miƙo mini zane."

Na share, na miƙa mata.